Raba Taga a Hannun Mai Karatu: Tsara Manhajar Kwatanta Girgam da Rubuce-rubucen Ajami na Ƙasar Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake gina taga mai rabuwa a manhajar kwamfutar tebur, wato tagar da mai aiki da ita zai tsaga gida biyu ko uku ko fiye, ya ja shamakin da ke tsakaninsu yadda ya ga dama, ya kuma rufe sashen da ya gama da shi. An ɗauki aikin kwatanta girgam, wato jerin sarakuna, da sauran rubuce-rubucen tarihin Daura a matsayin ma'auni, domin aiki ne da ke haɗa hoton takarda da ajami da boko a gaban mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Maƙalar ta kawo hujjar cewa mai karatu ne ya kamata ya mallaki rabon tagar, kuma hakan ba zai samu ba sai mai tsara manhaja ya riƙe rabon a siffar bishiya, ya ajiye shi da kaso maimakon awo, ya bar kowane sashe da alƙiblar rubutunsa.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa zama gaban malami yana bitar tsohon littafi ya san yadda wurin yake kasancewa. Littattafanmu na hannu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin gafaka. Malam zai zaro warƙa ɗaya ya ajiye dama, ya zaro takwararta daga wani kwafin ya ajiye hagu, sharhi na bisa cinyarsa, yatsa ɗaya a kan wannan sadara, ɗaya a kan waccan. In magana ta rikice sai ya jawo ta uku. Babu wanda ya ƙayyade masa yawan takardun da zai baza, ko wadda za ta fi kusa da idonsa. Aikin ne yake faɗa masa.

Tarihin Daura na cikin ayyukan da suka fi buƙatar irin wannan bazawa. Labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu da Magajiya Daurama da Bawo ya zo ta hanyoyi da dama. E. J. Arnett ya buga wata ruwaya a 1910, H. R. Palmer ya kawo girgam ɗin Daura a littafinsa Sudanese Memoirs na 1928, W. K. R. Hallam ya yi nazarin ruwayoyin a 1966, ga kuma abin da ke bakin maroƙan fada da dattawa. Ruwayoyin sun sha bamban a sunayen magajiyoyin da suka yi mulki kafin zuwan Bayajidda da kuma adadinsu. Ƙarni na 19 ya ƙara wa aikin nauyi. Bayan da mutanen jihadi ƙarƙashin Malam Ishaku suka karɓi birnin, gidan sarautar Haɓe ya fita, ya kafu a Zango da Ɓaure, har zuwa farkon mulkin Turawa da aka dawo da Sarki Musa birnin Daura. Saboda haka mai nazarin wannan zamani jerin sarakuna uku yake bi kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda M. G. Smith ya yi a The Affairs of Daura na 1978. Kowane jeri kuma yana iya zuwa da hoton asalin takarda, da kwafinsa na ajami ko Larabci da aka buga a kwamfuta, da juyinsa zuwa boko.

Manhajar da ta ba irin wannan manazarci taga ɗaya tak, ko sassa biyu kafaffu da ba sa motsi, ta ƙwace masa abin da malaminsa yake da shi a kan buzu. Tambayar da na sa a gaba ita ce yadda za a mayar masa da shi.

Taƙaitaccen tarihi

Tsaga allo gida-gida tsohon abu ne a wannan fage. Douglas Engelbart ya nuna allo rababbe a gabatarwarsa ta 9 ga Disamba 1968 a San Francisco. Na'urar Xerox Star ta 1981 jera tagogi take yi ba tare da wata ta hau wata ba, haka ma Windows 1.0 ta 1985, kafin Windows 2.0 ta 1987 ta koma ga tagogi masu hawan juna. A 1986 Sara Bly da Jarrett Rosenberg suka gwada tsarin biyu, suka ga cewa a aikin da abin dubawa yake da siffa sananniya jerarrun tagogi sun fi sauri, masu hawan juna kuwa sun fi amfanar ƙwararru a aikin da ba shi da tsayayyar siffa. Kwatanta kwafi da kwafi yana cikin kashi na farko. Mai yinsa ba ya son wata takarda ta rufe wata ko da da faɗin yatsa.

Masu rubuta manhaja sun daɗe da ba kansu wannan gata. A Emacs umarnin C-x 2 yana tsaga taga sama da ƙasa, C-x 3 gefe da gefe, C-x 0 ya rufe sashen da ake ciki. Vim ya samu tsagawar gefe da gefe a fitowarsa ta 6.0 a 2001. Abin da nake nema shi ne a kai wannan gatan ga malamin tarihi da almajirin ilimi, waɗanda ba za su haddace haɗin madannai ba, kuma bai kamata a nemi su haddace ba.

Kayan aikin da ke hannu

Kusan kowane kundin gina manhaja yana da shamaki mai jawuwa. Qt na da QSplitter, GTK na da GtkPaned, Swing na Java na da JSplitPane, wxWidgets na da wxSplitterWindow, Tk ya samu panedwindow a fitowar 8.4, Cocoa na Apple na da NSSplitView. Sai dai kowanne da iyakarsa. GtkPaned da JSplitPane da wxSplitterWindow 'ya'ya biyu kawai suke ɗauka. QSplitter na ɗaukar da yawa, amma a jeri guda, ko dai a gefe da gefe ko sama da ƙasa. CSplitterWnd na MFC ya zo da nau'i biyu: kafaffe, wanda mai tsarawa ke yanke sassansa tun farko har zuwa 16 sau 16, da mai rai, wanda mai aiki ke tsagawa da kansa amma ba ya wuce 2 sau 2.

Abin lura shi ne, in aka ɗebe wancan ɗan sassauci na MFC, waɗannan kayan shamaki kawai suke bayarwa. Yanke shawarar inda za a tsaga, da abin da zai faru idan an rufe sashe, da yadda za a tuna rabon gobe, duk aikin mai tsara manhaja ne. A nan yawancin ɗalibanmu suke tuntuɓe, domin suna zana sassan tun a wajen tsarawa, su saka wannan shamaki cikin wancan da hannu, sai rabon ya zama kamar ginin siminti.

Bishiyar sassa

Gidan Bahaushe na gargajiya ya fi ginin siminti dacewa da abin da muke so. Gida ɗaya ne da zaure ɗaya, amma idan ɗa ya yi aure sai a yanka masa sashe daga tsakar gida a ja danga. In shi ma nasa ɗan ya girma, daga cikin sashen uban za a sake yankawa. Ranar da wani ya tashi, a cire danga, fili ya koma ga wanda aka yanka daga wajensa. Kowane sashe yana da asalin da ya fito, kuma wannan dangantaka ita masana lissafin kwamfuta ke kira bishiya.

A manhaja, bishiyar tana da gaɓoɓi iri biyu. Akwai ganye, wanda shi ne sashen da ido ke gani, ɗauke da hoto ko rubutu. Akwai reshe, wanda ba ya nuna komai sai shamaki, yana riƙe da alƙiblar tsagawa da jerin 'ya'yansa da kason kowannensu. Taga sabuwa ganye ɗaya ce. Idan mai karatu ya nemi a tsaga, sai a cire ganyen daga gurbinsa, a dasa reshe a wurin, a mayar da tsohon ganyen ɗa na farko, sabon kuma ɗa na biyu, kowanne da rabi. A Qt, tun daga fitowar 5.9, replaceWidget na yin wannan musanya ba tare da an rasa gurbin ba.

Akwai wani sharaɗi da ke da muhimmanci. Idan uban ganyen reshe ne mai alƙibla irin wadda aka nema, kada a dasa sabon reshe, a saka sabon ganyen a matsayin ɗan'uwa a cikin jerin. Dalili shi ne, mai son jera Daura da Zango da Ɓaure yana ganinsu a matsayin abu uku daidai wa daida. In aka riƙe su a matsayin ɗaya a gefe, biyu a cikin wani reshe, to da ya ja shamakin farko sai na biyun ma ya motsa, alhali bai taɓa shi ba. Mai amfani da GTK ko Swing, da yake shamakinsa 'ya'ya biyu yake ɗauka, dole ya gyara wannan da lissafinsa, ko ya rubuta nasa reshen mai ɗaukar da yawa.

Rufewa ta fi tsagawa wuya. Idan an cire ganye, kasonsa zai koma ga maƙwabcinsa. In reshen ya rage da ɗa ɗaya, ba shi da sauran amfani, sai a ɗaga ɗan zuwa gurbin uban a share uban. In ɗan da aka ɗaga reshe ne mai alƙibla irin ta kakansa, a narkar da 'ya'yansa cikin jerin kakan. Wanda ya tsallake wannan shara zai tara rassa marasa 'ya'ya, shamakai su riƙa bayyana inda babu abin rabawa. Na sha faɗawa wani rami a daidai nan: maɓallin rufewa yana zaune a cikin sashen da ake rufewa, in aka share sashen nan take alhali umarnin maɓallin bai gama gudana ba, manhajar sai ta faɗi. Maganinsa a Qt shi ne deleteLater, wanda ke jinkirta sharewar har umarnin ya kammala. Sannan a tuna da mayar da alƙalamin rubutu ga wani sashe mai rai, in ba haka ba mutum zai yi ta danna madannai babu inda harafi ke sauka.

Ganye kuma kada ya mallaki rubutun da yake nunawa. Leƙe yake yi kawai. Wannan rabuwa tsakanin abu da mahangarsa Trygve Reenskaug ya tsara ta a Xerox PARC a 1979, Emacs ma a kanta yake tafiya, shi ya sa sassa biyu ke iya kallon matani ɗaya, wannan a farkonsa wancan a ƙarshensa, gyaran da aka yi a ɗaya ya fito a ɗayan. Rufe sashe bai kamata ya taɓa rubutu ba ko kaɗan.

Kaso, ba awo ba

Yanzu sai batun da na fi so mu tsaya a kai. Yawancin waɗannan kayan aiki suna riƙe matsayin shamaki da fiksel, wato ɗigon allo. Mu ɗauki kwamfutar cinya mai faɗin fiksel 1366, irin wadda ta cika hannun ɗalibanmu, da shamaki mai kaurin fiksel 6. Abin rabawa 1360 ne. Manazarci ya ba hoton takarda kashi biyu cikin uku, juyin boko kashi ɗaya, wato 907 da 453. In manhaja ta ajiye lamba 907, gobe aka buɗe aikin a allon ofis mai faɗin 1920, hoton zai tsaya a 907, juyin ya kumbura zuwa 1007. Ƙarami ya zama babba. In kuma daga babban allon aka fara, aka ajiye 1276, aka dawo ƙaramin, fiksel 84 ne zai rage wa juyin, wanda ko kalma biyu ba zai ɗauka ba.

Malaman rabon gado sun riga mu warware irin wannan lissafi. Ba sa cewa wane yana da taki kaza na gona tun kafin a auna ta. Nusufi suke cewa, ko sulusi, ko rubu'i, ko sudusi, ko sumuni, sai ranar rabo a auna abin da ke ƙasa a fitar wa kowa nasa. Haka ya kamata reshe ya yi: ya riƙe kaso, a duk lokacin da girman taga ya sauya ya cire kaurin shamakai, ya raba saura. Da yake fiksel ba ya tsaguwa, za a samu guntun da ya rage, sai a ba sashe na ƙarshe, don kada a bar siririn layi babu mai shi. Idan mutum ya ja shamaki, kason maƙwabta biyun nan kawai za a sake lissafawa.

Kowane sashe yana da ƙarancin faɗin da in ya gaza shi ba ya karantuwa. A ce hotuna biyu kowanne na neman 500, juyin boko na neman 400. Jimla 1400, alhali bayan cire shamakai biyu 1354 ne a ƙasa. Haƙƙoƙi sun fi dukiya yawa. A fiƙihu wannan ita ce mas'alar auli: mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, miji na da rabi, su suna da biyu cikin uku, sai asalin lissafi ya tashi daga 6 zuwa 7, miji ya karɓi uku cikin bakwai, su huɗu cikin bakwai, ragin ya hau kan kowa gwargwadon rabonsa. Lissafin kawai nake arowa, ba hukuncin ba. A ra'ayina ragin bai ɗaya ya dace idan giɓin kaɗan ne kamar na wannan misali, inda kowa zai rasa abin da bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba. In giɓin ya yi yawa, gara manhaja ta ƙi sabuwar tsagawa tun farko, ta faɗa wa mutum dalili a fili, ta ba shi zaɓin tsagawa sama da ƙasa. Sassa huɗu da ba a iya karanta ko ɗaya ba su kai biyu masu karantuwa ba.

Wani tarko kuma shi ne lokacin lissafin. Kafin taga ta bayyana a allo girmanta bai tabbata ba, kaso kuma ba ya aiki a kan abin da ba a auna ba. Bayanin JSplitPane ya yi gargaɗi ƙarara cewa sanya shamaki da kaso ba ya tasiri in sashen bai riga ya fito a allo ba. A jira sanarwar girma ta farko, sannan a raba.

Dama da hagu

Kayan aikin nan sun san akwai rubutun da ke farawa daga dama. Qt da GTK duka suna juya jerin sassa idan an ce musu harshen manhajar daga dama yake tafiya, shi ya sa GTK 4, da ya fito a Disamba 2020, yake kiran 'ya'yan shamakinsa na farko da na ƙarshe. Amma zatonsu shi ne manhaja gaba ɗayanta alƙibla ɗaya take bi. Hausa ta karya wannan zato, domin harshe ne ɗaya mai rubutu biyu. Maɓallan manhajar na iya kasancewa da boko, matanin da ake karantawa kuma ajami ne, mai karatun kuwa tun yana yaro idonsa daga dama yake fara neman asali.

Shawarata ita ce alƙibla ta zama sifar kowane ganye, a sanya ta a fili, kada a bar shi ya gaje ta daga uba. Sashen ajami ya jingina da dama, lambobin sadara su tsaya a damansa, sandar gungurawa ta koma hagu. Sashen boko ya yi akasin haka. Idan aka tsaga sashen ajami gefe da gefe, tsohon ya zauna dama, sabon ya ɓullo hagu, domin nan ne gaba a wajen mai karanta shi. In an ajiye asali a dama da juyi a hagu, akwai wata riba da ba a lura da ita: ƙarshen sadarar ajami da ƙarshen ta boko duka suna haɗuwa a bakin shamaki.

Tsayin sadara ma ya bambanta. Ajaminmu cike yake da wasulla sama da ƙasa, har da ɗigon imala, ga fa'un mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama irin na ƙira'ar Warshu. Unicode ta ƙara haruffan wannan salo a fitowarta ta 9.0 a 2016, ta kuma ƙara wasu na Hausa da Wolof a ta 13.0 a 2020. Salon haruffan Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta gina a kan Rubutun Kano, yana da kauri da tsayi fiye da haruffan boko nesa ba kusa ba. Don haka ƙarancin girman sashe kada a rubuta shi da lamba kafaffiya. A tambayi salon harafin da ke ciki, a lissafa daga tsayin sadararsa.

Ko sunan maɓallin tsagawa yana buƙatar tunani. Kalmomin a tsaye da a kwance sun rikita hatta masu wannan sana'a, domin wani shamakin yake nufi, wani jerin sassan. Abin da Qt ke kira na kwance shi wxWidgets da Vim ke kira na tsaye, alhali hoton da ke allo ɗaya ne. Emacs sai da ya sauya sunayen umarninsa zuwa ƙasa da dama a fitowar 24.1 ta 2012. Mu da muke fara namu da Hausa, mu rubuta gefe da gefe, da sama da ƙasa, mu ɗora ɗan zane a kan kowanne.

Tafiya tare

Sassa biyu da ke nuna abu ɗaya ta fuska biyu ya kamata su iya tafiya tare idan an so. Hanya mafi sauƙi, wato a gungura wancan da adadin fiksel ɗin da aka gungura wannan, ba ta aiki, saboda bambancin tsayin da muka ambata. Gungurawa da kaso ma tana ɓata hanya a tsakiyar matani. Abin da ke aiki shi ne anga: kowace sadara ta takardar asali a ba ta lamba, a danganta lambar da yankinta a hoto, da gurbinta a kwafin ajami, da gurbinta a boko. Ƙa'idojin TEI sun tanadi alamar karyewar sadara da ta yankin hoto don wannan. Sashen da aka motsa zai sanar da lambar sadarar da ke samansa, sauran su nemi tasu.

A jerin sarakuna angar ita ce sunan sarki. Inda wani kwafi ya kawo magajiyar da ɗayan bai kawo ba, a bar fili a gefen da babu, kamar yadda vimdiff ke cike giɓi da layukan banza, domin giɓin nan shi ne abin da manazarcin ya zo gani. A kula da amsa-kuwwa: wannan ya motsa wancan, wancan ya dawo ya motsa wannan, allo ya kama rawa. Ya isa a sa tuta ɗaya da ke cewa motsin nan ba daga hannun mutum ya fito ba, Qt kuma na da QSignalBlocker. Ɗaurin sassan da juna ya kasance na zaɓi, sashe-sashe, don wani lokaci mutum yana so ɗaya ya tsaya cak a kan Bawo yayin da yake yawo a ɗayan.

Hannu da ido da wutar lantarki

Da yawa daga waɗanda suka fi iya karanta waɗannan takardu dattawa ne. Shamakin fiksel ɗaya yana da kyan gani, amma kamo shi da linzami azaba ce ga mai raunin ido ko rawar hannu. Paul Fitts ya nuna tun 1954 cewa lokacin kai hannu ga abu yana ƙaruwa gwargwadon ƙanƙantarsa da nisansa. A zana shamakin siriri in an so, amma yankin kamunsa ya fi zanen faɗi, alamar linzami ta sauya da an zo kansa. GTK da Swing sun ware F6 don tsallakawa daga sashe zuwa sashe, F8 don kama shamaki da madannai, ya kamata mu bi wannan al'ada. Sashen da ke da alƙalami ya samu ƙawanya bayyananniya.

QSplitter, in ba a hana shi ba, yana barin a ja shamaki har sashe ya shafe gaba ɗaya. Na ga mutumin da hakan ya faru da shi ya dafe kai, yana zaton aikin mako guda ya tafi. A kashe wannan da setChildrenCollapsible. A kuma tanadi komawa baya ga rabon kansa, irin abin da winner-mode ke yi a Emacs. Da yake bishiya ce a hannunmu, ajiye kwafinta kafin kowane sauyi abu ne mai araha.

Yayin jan shamaki, sake jera ajami da sake auna babban hoto a kowane motsin linzami yana nauyaya wa kwamfutocin gwanjo. A irinsu a kashe setOpaqueResize, layi kawai ya bi hannu, sai an saki a sake zane. Sai batun ɗauke wuta, wanda babu mai buƙatar a yi masa bayaninsa. Manhajar da ke ajiye rabo sai an rufe ta lafiya za ta riƙa rasa shi. A ajiye jim kaɗan bayan kowane sauyi, a rubuta a fayil na wucin gadi sannan a sauya masa suna, kamar yadda QSaveFile ke yi, don kada yankewar wuta ta bar rabin fayil. A sani kuma saveState na QSplitter girman 'ya'yan shamaki ɗaya kawai yake tunawa, bai san siffar bishiya ba. Ita sai an bi ta reshe-reshe an rubuta alƙibla da kaso da sunan matani da lambar sadara. In an zo buɗewa aka tarar wani fayil ba ya nan, wataƙila yana filashin da aka bari a gida, a bar sashensa da sanarwa, kada a rusa rabon.

Wani zai ce Mirador, da aka gina a kan ƙa'idar IIIF, yana jera hotunan littattafai gefe da gefe, me ya sa za a sake wahala. Kayan aiki ne mai kyau, amma an yi shi ne don hotunan da cibiyoyi suka ɗora a intanet. Takardun da ke gidajen malamai a Sandamu ko Mai'aduwa amana ce a hannun iyalansu, kuma ba kowa zai yarda a ɗora gadonsa inda ba ya iko da shi ba. Manhajar tebur da ke aiki ba tare da data ba tana barin hoton a inda mai shi ya yarda ya zauna. Wannan aiki ne daidai ƙarfin ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, in suka zauna da masu nazarin tarihi da Larabci na Kwalejin Yusuf Bala Usman tun kafin su rubuta layin umarni na farko.

Hashiya

Saura abu ɗaya da ban ga wani kundin gini ya tanada ba. Magabata sukan bar tazara tsakanin sadarori da fili a gefen warƙa, almajirai su cike da fassara da ƙarin bayani. Wannan hashiya ba ta bin layi. Wata a karkace take, wata ta hau gefe ta miƙe sama, wata a kife. Malam in ya zo kanta juya warƙar yake yi a hannunsa, ya karanta, ya mayar. Sau da yawa a nan ake samun ajamin Hausa, alhali matanin Larabci ne.

Tun da mun raba hoto da mahangarsa, juyawa da kusantowa sai su zama sifofin ganye, a ajiye su tare da kasonsa a cikin bishiya. Mai karatu ya tsaga sashen hoton biyu, ɗaya ya bar matani a miƙe, ɗayan ya juya shi har hashiyar ta daidaita da idonsa, kusurwar kuma kowace iri ce, ba sai rubu'in da'ira ba. Angar hashiya za ta ɗauki lambar sadarar da take yi wa bayani tare da kusurwar da aka rubuta ta, ta yadda in an danna kalmar a matani, sashe na biyu zai juya da kansa ya kawo bayaninta a miƙe. Wanda zai sanya waɗannan angogi dole ya kasance mai iya gane wace hashiya ce ta wace kalma, don haka kujerarsa a gaban kwamfutar tana gefen ta mai rubuta manhajar tun ranar farko.